Hunturu Ba Ya Jiran Majalisa: Yadda Rufe Gwamnati Ke Taɓa Ɗumin Gidajen Talakawan Amurka

Ranar 1 ga Oktoban 2025 gwamnatin tarayyar Amurka ta wayi gari ba ta da izinin kashe kuɗi a yawancin ma'aikatunta. Aka shiga abin da kafafen labarai ke kira rufe gwamnati, ba a kuma fita ba sai ranar 12 ga Nuwamba, bayan kwana 43, tsaiko mafi tsawo da ƙasar ta taɓa gani zuwa wannan lokaci. Mu da ke nesa, abin da ya fi zuwa kunnenmu shi ne labarin jiragen saman da aka soke tashinsu, da ma'aikatan da suka yi makonni babu albashi, da rigimar tallafin abinci da ta kai gaban alƙalai. Akwai wani ɓangaren da bai yi ƙara sosai ba, alhali ya shafi rai kai tsaye: kuɗin da gwamnati ke agaza wa masu ƙaramin ƙarfi da shi don su ɗumama gidajensu lokacin sanyi. A kansa nake so mu tsaya.

Sai mun fara da sanyin kansa, domin wanda bai san shi ba zai ɗauka maganar jin daɗi ake yi. Hunturunmu na Kano ko Zinder ko Jos, in ya tsananta, mutum ya ƙara bargo, ya ɗora ruwan zafi, yara su kewaye murhu da asuba, zuwa hantsi an ware. A jihar Minnesota kuwa, daren Janairu yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 20 a ma'aunin Selsiyos, wani lokaci ma fiye. Gidan da aka kashe wa ɗumi a irin wannan dare, ruwan cikin bututu ne zai daskare ya fasa bututun, tsoho ko jariri kuma jikinsa ya yi ta sanyi a hankali har ya kasa motsi. A can, ɗumi sahun abinci da ruwan sha yake.

Ka ƙaddara wata tsohuwa ce a wani ƙauye na jihar Maine, can arewa maso gabas, inda kusan rabin gidaje da wani mai ɗan'uwan dizal suke ɗumama ɗakuna. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta akwai tankin ƙarfe mai cin galan 275, a samansa da ɗan ma'auni mai nuna cike, ko rabi, ko kwata. Tun tsakiyar Oktoba, kullum da safe sai ta dafa bango ta sauka ta leƙa shi. Motar dillali ce ke zuwa ta zuba man, kuma da yawa daga dillalan ba sa tayar da mota a kan abin da bai kai galan 100 ba. A ƙarshen 2025 galan ɗaya ya haura dala uku, ke nan sai ta tanadi sama da dala 300 a dunƙule kafin a ɗiga mata ko ɗigo. Cika tankin kuwa ya tasam ma dala 800, kuma tanki ɗaya ba ya fitar da mutum hunturu. In ta yi sake ya ƙafe ƙaf, iska ta shiga bututun, sai an kira mai gyara ya tayar da injin, shi ma da nasa kuɗin. Wannan tsohuwa fanshonta take lissafawa dala-dala: nawa na magani, nawa na cefane, nawa na mai.

Don irinta aka kafa shirin da ake kira LIHEAP, wato shirin tallafa wa gidajen masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin makamashi. Tushensa yana komawa shekarun 1970, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka ƙaƙaba takunkumi a 1973, farashi ya yi tashin gwauron zabo, talakawan jihohin arewa suka rasa yadda za su yi. An yi ta gwada ƙananan shirye-shirye na gaggawa, har a 1981, farkon mulkin Ronald Reagan, majalisa ta dunƙule su cikin doka guda. Ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a ta tarayya ce ke riƙe da shirin, amma ba ita ke raba wa mutane ba. Tana miƙa kuɗin ne a dunƙule ga jihohi 50, da birnin Washington, da yankunan da ke ƙarƙashin Amurka, da ƙabilun 'yan asalin ƙasar kusan 150. Su kuma jihohi sukan bi ta ofisoshin walwala na gundumomi da ƙungiyoyin taimakon al'umma, inda mutum zai je da takardar shaidar abin da yake samu da takardar kuɗin wutarsa ya cika fom. Mafi yawan lokaci kuɗin ba ya shiga hannun mai nema. Kai tsaye ake biyan kamfanin wuta, ko na gas, ko dillalin mai, da sunansa.

A 'yan shekarun nan abin da ake ware wa shirin ya kai kimanin dala biliyan 4.1 a shekara, yana kaiwa ga gidaje kusan miliyan 6. Doka ta ba jihohi damar karɓar gidan da abin da yake samu bai wuce kashi 150 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba, ko kashi 60 cikin 100 na matsakaicin samun jihar. A 2025 ma'aunin talaucin gida mai mutum huɗu dala 32,150 ne a shekara. Mai karatu zai iya juya wannan adadi zuwa naira ko sefa ya ce ai waɗannan masu kuɗi ne. To, a ƙasar da hayar gida kaɗai kan cinye rabin wannan kuɗi, lissafin ya sha bamban. Ko a shekarar da komai ya tafi daidai, wajen gida ɗaya ne cikin biyar ko shida da suka cancanta ke samu, saboda kuɗin kan ƙare tun layi bai ƙare ba. Galibin gidajen da ke amfana akwai tsoho a ciki, ko mai naƙasa, ko ƙaramin yaro. Ban da ɗumi, ana biyan kuɗin sanyaya ɗaki lokacin zafi a jihohin kudu, da gyaran injin ɗumi da ya lalace, da toshe kafofin da iska ke kutsowa.

To me ya haɗa wannan da rufe gwamnati? Nan ne sai an ɗan yi haƙuri da maganar doka, domin a cikinta matsalar take.

Tsarin mulkin Amurka ya ce ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai da dokar da majalisa ta yi ta ware shi. Akwai kuma wata tsohuwar doka, mai asali tun ƙarni na 19, da ta haramta wa jami'in gwamnati kashe kuɗi ko ɗaukar alƙawarin biya in majalisa ba ta ware ba. Shekara da shekaru ba a tsananta ba; in kasafi ya makara, ma'aikatu sukan ci gaba da aiki da yaƙinin cewa majalisa za ta biya daga baya. Sai a 1980 da 1981 Antoni Janar na gwamnatin Jimmy Carter, Benjamin Civiletti, ya fitar da fassarar da ta ce a'a: in babu kasafi, aiki ya tsaya, sai dai wanda ya shafi kare rai ko dukiya. Daga wannan fassara aka haifi rufe gwamnati irin wanda muka sani yau. Wanda ya saba da tsarin Najeriya zai ga abin banbarakwai, domin sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da cire kuɗi har tsawon wata shida in kasafi bai fito ba. Amurka ba ta da wannan ƙofa.

Sai dai ba kowane kuɗi ne ke tsayawa ba. Kashe-kashen gwamnatin Amurka kashi biyu ne. Akwai wanda doka ta riga ta ɗora a kan turba ta dindindin, kamar fanshon tsofaffi da inshorar lafiyarsu. Wannan ko majalisa ta yi wata biyu ba ta zauna ba, yana fita. Akwai kuma wanda sai an sabunta shi duk shekara ta cikin dokokin kasafi guda 12. LIHEAP a kashi na biyu yake. Shekarar kuɗi ta tarayya kuwa ranar 1 ga Oktoba take farawa. Tun da aka shiga wannan tsari a shekarun 1970, sau huɗu kacal majalisa ta kammala dukkan dokokin kasafin a kan lokaci, na ƙarshe a 1996. Sauran shekarun duka da kasafin riƙon ƙwarya ake lallaɓawa, na makonni ko watanni. In an samu na riƙon ƙwaryar, ma'aikatar lafiya takan saki kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin LIHEAP a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, jihohi su buɗe rajista. In ba a samu ba, ƙofa a rufe take.

A nan ne gizo ke saƙar. Ranar da kuɗin gwamnati ke ƙarewa ta faɗo daidai bakin hunturu. Aikin gina gada in ya tsaya wata guda, za a ɗora daga inda aka tsaya. Ma'aikacin tarayya da aka hana albashi yana shan wahala ƙwarai, amma wata doka ta 2019 ta tanadi a biya shi bashinsa in an buɗe. Ɗumin daren 10 ga Nuwamba kuwa ba a biyan bashinsa a Disamba. Duk manomin da ya taɓa jiran takin gwamnati, ya ga an sauke shi bayan gero ya fitar da kai, ya san abin da nake nufi. Takin ya zo, buhunan sun cika, an rubuta a takarda cewa an raba, amma amfaninsa ya wuce. Tallafin da ke da lokaci, makararsa ɗan'uwan rashinsa ne.

Haka ta faru a 2025. Jam'iyyar Rifablikan ta Shugaba Donald Trump tana da kujeru 53 a majalisar dattawa, amma ƙa'idar zauren na buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a kan kasafi. 'Yan Dimokurat suka ce ba za su ba da ƙuri'unsu ba sai an tsawaita rangwamen inshorar lafiya da zai ƙare a ƙarshen shekarar. 'Yan Rifablikan suka ce a buɗe gwamnati tukuna, a yi wannan magana daga baya. Kowane ɓangare yana da hujjar da yake kafawa, ba kuma ita ce damuwata a nan ba. Damuwata ita ce Oktoba ta shuɗe ba a saki ko dala ɗaya ta sabon kasafin LIHEAP ba. Jihar Pennsylvania, mai taimaka wa gidaje sama da 300,000 a shekara, ta ɗage buɗe shirin daga 3 ga Nuwamba zuwa 3 ga Disamba. New York ta ɗage nata. Minnesota ta ci gaba da karɓar fom tana tantancewa, amma ta gaya wa mutane ba za ta iya biya ba sai kuɗi ya iso. Ka yi tunanin ma'aikaciyar da ke zaune a bayan tebur, gabanta tarin fom da aka riga aka amince da su, waya tana ta ƙara, kowa tambayarsa ɗaya, ita kuma amsarta ɗaya: a ƙara haƙuri.

Ko da Trump ya sa hannu aka buɗe gwamnati ranar 12 ga Nuwamba, kuɗin bai fita washegari ba. Sai ranar 28 ga watan aka saki kimanin dala biliyan 3.6, kwana 16 bayan buɗewa, wajen wata guda bayan lokacin da aka saba. Daga nan kuma sai jihohi sun sauke shi zuwa gundumomi, gundumomi zuwa kamfanoni da dillalai. Wannan ƙarin jinkiri ya tayar da wata tsohuwar magana. Tun ranar 1 ga Afrilun 2025, a cikin sallamar ma'aikata kusan 10,000 da ministan lafiya Robert F. Kennedy ƙarami ya yi, an haɗa da dukkan ma'aikatan da ke kula da LIHEAP a matakin tarayya. Dama 'yan ƙalilan ne, amma su ne suka san lissafin rabon. Lissafin nan kuwa ba na kowa ba ne: akwai tsohon ma'auni na 1981 da ya fi karkata ga jihohi masu sanyi, akwai sabo na 1984 da ke duba yawan kuɗin makamashin da talakawan kowace jiha ke kashewa, wanda ke fara aiki in kasafin ya haura dala biliyan 1.975, ana kuma gauraya su ta wata hanya da majalisa ke sakawa cikin dokar kasafi. Su ne kuma ke duba tsarin aikin da kowace jiha ke miƙawa kafin 1 ga Satumba. Kuɗi a asusu ba ya raba kansa.

Wata guda bayan waccan sallama, daftarin kasafin da fadar White House ta aika majalisa ya nemi a soke shirin ɗungurungum, kamar yadda gwamnatin Trump ta farko ta sha nema majalisa tana ƙi. Hujja biyu ake kawowa, kuma ya kamata a saurare su da kunnen basira. Ta farko ita ce almundahana: wani rahoton ofishin binciken kuɗi na majalisa a 2010 ya gano, a jihohi bakwai, an yi amfani da bayanan bogi, har da sunayen matattu, an karɓi tallafi. Gaskiya ne, kuma tun daga nan aka ƙara matakan tantancewa. In ɓera ya shiga rumbu, ramin ake toshewa. Hujja ta biyu ita ce wai jihohi suna da dokokin hana yanke wa mutane wuta a lokacin sanyi, don haka ba a buƙatar tallafin. Wannan ce ta fi buƙatar warwara, domin da ita ake kwantar wa mutane hankali duk lokacin da aka rufe gwamnati.

Dokokin suna nan. A Minnesota kariyar tana aiki daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, amma sai mutum ya kira kamfani sun yi yarjejeniyar biya a hankali kuma ya kiyaye ta. A Pennsylvania tana farawa ne daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, ke nan Nuwamba a buɗe take. Wasu jihohin ranaku suke bi, wasu ma'aunin sanyi, wasu kuma kariyar tasu ba ta taka kara ta karya ba. Sannan hana yankewa ba yafe bashi ba ne. Mita tana ci gaba da gudu, bashi yana taruwa, ranar da kariyar ta ƙare takardar yankewa ta iso. Babban giɓin kuma shi ne waccan tsohuwa ta Maine. Dokar hana yankewa kamfanonin da ke kai wuta ta waya da gas ta bututu ta shafa. Mai amfani da man tanki, ko gas ɗin da ake kawowa a mota, ko kananzir, ko itace, babu abin da za a yanke masa. Dillali ne kawai ba zai zo ba. Dillalin ma sau da yawa ƙaramin ɗan kasuwa ne mai mota biyu ko uku, wanda shi ma da kuɗi hannu yake saro man. Ba zai iya bin ɗaruruwan gidaje bashi yana jiran Washington ba. Waɗannan gidaje kuwa a karkara suka fi yawa, da yankunan ƙabilun 'yan asali, inda talauci ya fi katutu.

Mutum in ya ji sanyi ba ya zama ya naɗe hannu. Sai ya buɗe murhun gas na girki ya bar shi yana ci, ko ya jona ƙaramar hita ya kwana da ita, ko ya shigo da gawayi ɗaki. Mu ma mun san ƙarshen wannan. Ba sau ɗaya ba mun ji gidan da aka kwana da kaskon garwashi ko janareta a rufaffen wuri, aka wayi gari da gawarwaki. A guguwar sanyin da ta afka wa jihar Tegzas a Fabrairun 2021, hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka mutu, wasu daga cikinsu hayaƙi mai guba ne ya kashe su suna neman ɗumi. A Janairun 2022, wata hita da ta samu matsala ta tayar da gobara a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin New York, mutum 17 suka rasu, 8 yara ne, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Bronx ɗin nan unguwa ce da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya. Waɗannan masifu biyu ba rufe gwamnati ne ya jawo su ba. Na kawo su ne don a ga hanyar da mai jin sanyi ke bi in ɗumi ya gaza, da inda hanyar ke kaiwa.

Dokar LIHEAP kanta ta san da haka. Ta wajabta wa jihohi, in gida ya shiga halin gaggawa, su kai ɗauki cikin awa 48 da neman taimako, in kuwa rai na cikin haɗari, cikin awa 18. Dokar da ke ƙirga awa ita ce aka bar kuɗinta yana jiran makonni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a cikin wannan tsaiko an nuna cewa in ana so a samo kuɗi, ana samowa. An karkatar da kimanin dala biliyan 8 daga kuɗin bincike na ma'aikatar tsaro aka biya sojoji albashi a tsakiyar Oktoba. An ɗebo dala miliyan 300 daga kuɗin kwastan aka riƙe shirin ciyar da mata masu juna biyu da ƙananan yara. Tallafin abinci da mutum kusan miliyan 42 ke dogaro da shi yana da asusun ko-ta-kwana na wajen dala biliyan 5, shi ya sa alƙalan tarayya a Rhode Island da Massachusetts suka samu abin da za su ce a buɗe. LIHEAP ba shi da ko ɗaya. Dokarsa ta amince da asusun gaggawa har na dala miliyan 600, amma tun 2011 majalisa ba ta sake zuba komai a ciki ba. Jihohi ma an ɗaure musu hannu: doka ba ta yarda su tsallakar da fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin bana zuwa baɗi ba. Wannan ɗan ragowa shi wasu suka lallaɓa da shi a Oktoba, suna ba masu tsananin buƙata kaɗai. Jihar da ke da hali ta ɗan zuba nata, amma kusan dukkan jihohin Amurka dokarsu ta hana su kashe abin da ba su da shi, kuma bai kamata ɗumin mutum ya dogara da ko jiharsa mai arziki ce ba.

Mafita nawa ake magana a kai? Wasu na cewa a sa shirin cikin ayyukan kare rai da ba sa tsayawa. Yana da daɗin ji, amma wannan rangwame ma'aikaci yake ba damar zuwa aiki, ba ya haifar da kuɗin da majalisa ba ta ware ba. Jami'in zai zauna a ofis ne gaban asusu wayam. Wasu na son a yi maganin abin daga tushe, a kafa dokar da za ta sa kasafin bara ya ci gaba da kansa duk lokacin da aka makara, kusan irin na Najeriya. Sanata James Lankford na Rifablikan da Sanata Maggie Hassan ta Dimokurat sun sha gabatar da ƙudiri mai wannan manufa. Bai wuce ba, domin a ɓangarorin biyu akwai masu ganin in aka cire barazanar rufewa, babu abin da zai sake tilasta wa majalisa zama ta yi kasafi. Wannan doguwar muhawara ce, ba za a gama ta kafin sanyi mai zuwa ba.

Wadda na fi gamsuwa da ita ƙarama ce, kuma an gwada ta: a riƙa ware kuɗin shirin shekara guda kafin lokacinsa. Wato a kasafin bana a rubuta na hunturun baɗi, ta yadda ranar 1 ga Oktoba kuɗin zai buɗe da kansa, ko ana rigima ko ba a yi. Hikimar rumbu ke nan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitocin tsofaffin sojoji haka ake musu tun bayan wata doka ta 2009. Hukumar lafiyar ƙabilun 'yan asali ta sha baƙar wahala a rufewar kwana 35 ta 2018 zuwa 2019, sai a Disambar 2022 majalisa ta fara ware mata kuɗi tun gaba, shi ya sa asibitocinta suka ci gaba da aiki a 2025. LIHEAP ɗin kansa ya taɓa cin wannan gata a shekarun 1990, kafin majalisa ta watsar a farkon shekarun 2000. Ga kuma wata shaida daga waccan rufewa ta kwana 35: ta faɗo tsakiyar hunturu, daga 22 ga Disamba zuwa 25 ga Janairu, amma ba ta taɓa tallafin ɗumi ba, saboda an riga an sa hannu a kasafin ma'aikatar lafiya tun Satumban 2018. Sanyi ya fi na Nuwamba tsanani, rigimar siyasa tana kan ganiyarta, motocin mai kuwa suna ta kai wa mutane. Bambancin kawai, kuɗin ya riga rigimar fita.

Masu ja da wannan suna cewa ba a san farashin mai ko tsananin sanyin baɗi ba, ta yaya za a yanke adadi tun bana? Ai ko yanzu ba da hasashen yanayi ake yanke adadin ba. Kusan na bara ake maimaitawa da ɗan ƙari, in kuma shekara ta zo da tsanani majalisa na iya ƙarawa, kamar yadda ta ƙara dala biliyan 4.5 a 2021 lokacin annobar korona. Akwai kuma wata hujja da ba a cika faɗinta a fili ba, amma tana da nauyi: duk shirin da aka tsame daga raɗaɗin rufewa, rufewar na ƙara sauƙin jurewa ga 'yan siyasa, sai ta yawaita ta kuma daɗe. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ma'anarta ita ce ana buƙatar wani ya ji jiki kafin 'yan majalisa su sasanta, kuma an zaɓi wanda zai ji jikin ya haɗa da tsohuwar da ke leƙen ma'aunin tankinta. Wannan ban yarda da shi ba. In matsin lamba ake nema, albashin 'yan majalisar da ke ci gaba da fita lokacin rufewa ya fi kusa.

Shirin ba shi da ƙarancin masoya a majalisa. Sanata Susan Collins ta Maine, wadda ke shugabantar kwamitin kasafi na majalisar dattawa a 2025, da Lisa Murkowski ta Alaska, dukansu 'yan Rifablikan, da Jack Reed na Rhode Island ɗan Dimokurat, sun daɗe suna haɗa kai suna rubuta wa ma'aikatar lafiya wasiƙa duk kaka cewa ta gaggauta sakin kuɗin. Kwamitocin kasafi na majalisun biyu kuma sun ƙi bin shawarar soke shi. Wasiƙa tana da amfaninta a shekarar da akwai kuɗin da za a saki. A shekarar da aka rufe gwamnati, babu wanda zai buɗe wasiƙar ma.

Abin dubawa a dokar kasafin ma'aikatar lafiya abu biyu ne. Na ɗaya, layi guda da zai ce an ware wa LIHEAP kaza, wanda zai fara aiki ranar 1 ga Oktoban shekara mai zuwa, irin layin da ke cikin kasafin asibitocin tsofaffin sojoji. Na biyu, sharaɗin da zai tilasta wa ma'aikatar ta riƙe isassun ma'aikatan da za su yi lissafin rabon, da ranar da dole kuɗin ya bar Washington. Dokar da ta buɗe gwamnati ranar 12 ga Nuwamban 2025 ta ba tallafin abinci kasafin shekara cur, har ƙarshen Satumban 2026. Ma'aikatar lafiya, da tallafin ɗumi a cikinta, riƙon ƙwarya aka yi mata zuwa 30 ga Janairun 2026.